Ranar da Tunau Ya Juya wa Akwatin Faɗa Baya

Sun rushe shagon. A makon jiya na bi ta bakin tashar Tambuwal na tarar an baje tsohon ginin ƙasar nan mai ƙofar langa-langa, an kafa ɗakunan bulo uku a gurbinsa, na tsakiyan ana cajin waya. Samari sun kai goma a kan benci, kowa ya sunkuyar da kai kamar masu zaman makoki. Na leƙa ta kafaɗar ɗaya, ashe faɗa yake yi. Wasu ƙarti biyu ne a cikin wayar suna kirɓar juna, amma ko tari ba ka ji, don ya toshe kunnuwansa da igiya. Ya kashe abokin karawarsa, bai yi tsalle ba, bai zagi kowa ba, ya dai shafa gilashin da babban yatsa ya soma sabo. Na tsaya ina kallonsa har ya tsargu ya gaishe ni. Na amsa na wuce, amma ƙafata ce kawai ta wuce. Hankalina ya tsaya a wurin, a shekarun da faɗan akwati yake da ƙara, yake da warin gumi, kuma yake barin mutum da kumburarren hannu.

A lokacin, kuɗin man fetur bai gama ƙafewa ba. Kowace mota ta taso daga kurmi sai ta sauke wani abin da ba mu taɓa gani ba: rediyo mai baki biyu, agogon da ke kuka kamar zakara, babur mai madubi huɗu. Mai shagon, wanda duk gari ke kira Direba don ya shekara goma yana jan babbar mota zuwa Ikko, shi ya shigo da akwatin wasan faɗan a tsakiyar buhunan siminti. Ya ce wani Kwara ne, irin Larabawan nan 'yan kasuwa, otal ɗinsa ya mutu ya sayar masa da shi. Ƙarti shida suka sauke shi, ni dai a labarina nakan ce ashirin da jaki biyu. Tsawonsa ya ɗara mutum, baƙi ƙirin, da gilashi a gaba. Tsofaffin tasha suka ce firiji ne. Wata mai fura ta ce makarar Turawa ce, ta ɗauke ƙwaryarta ta koma can gindin bishiyar bedi. Da Direba ya tayar da injin wuta ya jona, akwatin ya yi wata tsawa, wani ƙato ya bayyana a gilashin yana ihu da wani yare, sai ga tasha ta watse. Na rantse na ga wani gurgu ya riga masu ƙafa kaiwa masallaci.

Rubutun da ke jikinsa ba wanda ya iya karantawa. An kira wani malamin zaure ya duba, ya juya kai hagu, ya juya dama, ya ce wannan ba ajami ba ne, ba boko ba ne, kaji ne suka yi tonon ƙasa a kai. Sai wani malamin sakandare ya ce rubutun Japan ne, ƙasar da ke ƙera babura. Har yau ban san sunan wasan ba. Na sha tambayar 'yan zamani, na kwatanta musu, su lalubo a waya su nuna mini wasu shahararru, in ce ba shi ba ne. Namu wani bare ne, ko a garinsu ina jin ba a san shi ba. Yana da gurbin mutum biyu, kowa da 'yar sandar da yake tafiyar da mutuminsa, da faifan roba biyu masu kauri, ja na naushi, baƙi na shuri. Ba latsa su ake yi ba, dukansu ake yi da dunƙulen hannu, kuma iya ƙarfin dukanka iya ƙarfin dukan mutuminka. A saman gilashi kowane mayaƙi yana da jan layi, muka sa masa suna jini. In an doke ka ya ragu. Ko sau goma ka faɗi za ka tashi, muddin da sauran jini. Sai ya ƙare kakaf ake cewa an kashe ka.

Mayaƙan su takwas ne, mu muka raɗa musu suna tun da ba su zo da wanda za mu iya furtawa ba. Akwai wani mai tumbi da ɗan bante, shi ne Sarkin Fawa, in ya faɗo kan mutum har ƙasan shagon girgiza take. Akwai wata mai mafici da ke yanka kamar aska, ita ce Magajiya. Akwai mai rufe fuska yana jan sarƙa, muka ce Ɓarawon Sanyinna, abin da ya jawo 'yan Sanyinna suka yi mana kwanton ɓauna a hanyar rafi har sau biyu. Akwai Mai Zare, wani murɗaɗɗe da ya naɗe hannu da farin ƙyalle kamar ɗan dambe. Nawa kuwa Tsoho Mai Gora ne, wani rangwaɗaɗɗen dattijo mai sanƙo da ke tafiya yana tangaɗi. Ba wanda ke son sa, don iska ma kayar da shi take yi. Ni na zaɓe shi saboda kamarmu ɗaya. Ina da shekara goma sha biyar, siriri kamar karan dawa, duk ƙarfina ya tattaru a baki. Na gano cewa in ya faɗi, ka ja sanda ƙasa ka doki baƙin faifai, yakan tashi da wata irin shara da ke kwashe ƙafafun kowa. Da wannan dabarar na zama sarkin akwati. Manyan samari masu ƙirji kamar ƙofar gari sukan daki roba har hannunsu ya fashe, ni in kashe su ina hamma.

Sule ɗaya ake biya, Direba ya buɗe wata 'yar ƙofa ya haɗa wayoyi biyu, don ramin kuɗin ba ya cin kuɗinmu. Neman wannan sulen shi ne aikinmu na yini. Mu yi sammako mu yanko ciyawa mu kai wa masu jakuna, mu ja guga a rijiyar unguwa har tafin hannu ya yi kanta, mu yi dakon buhun gero daga mota zuwa rumfa. Ni har da ƙarin sana'a, ƙwan zabin Inna. Ta daɗe tana tsine wa wani muzuru da bai san hawa ba bai san sauka ba. Yaran yanzu suna kwance a katifa faɗan ke zuwa ya same su. Mu sai mun yi gumi kafin a ba mu izinin shiga wani gumin. Shagon kuwa in ya cika, numfashi ma sai ka yi rabo. Hayaƙin inji, warin hammata, ƙarar roba tim, tim, kamar mata goma na daka, ga ihun mayaƙan da muka haddace muna maimaitawa a hanya ba mu san ko zagin iyayenmu suke yi ba. Mahaifina, wanda ke koyar da karatu a zaurenmu, yakan dubi kumburarrun yatsuna in na zo ɗaukar allo ya ce, "Hannun dai zai warke. Bakinka nika ji ma tsoro, don baki shi ka yanka wuya." In sunkuyar da kai kamar na ji, in fita in kwaikwayi muryarsa ga abokaina.

To, a wancan zamani in an yi kaka, an cika rumbuna, dambe ake yi a bayan kasuwa bayan la'asar. Mahauta ne masu abin, su da makaɗan kalangu. Dokarsa kowa ya sani tun yana goye: da zarar hannun mutum ko gwiwarsa ko bayansa ya taɓa ƙasa, an kashe shi, magana ta ƙare. Wanda ya yi kisa ba ya ƙara taɓa na ƙasa. Juya masa baya yake yi, ya ɗaga hannu sama, makaɗi ya karɓe da kiɗa. Dukan wanda ya faɗi abin kunya ne da ke bin mutum har jikokinsa. A duk ƙasarmu kuwa ba a yi kamar Tunau ba, wani mahaucin Kebbe. Shekara da shekaru yana shiga fage ba a taɓa kashe shi ba. Ba shi da gona mai yawa, ba shi da shanu, abin da ya mallaka a duniya shi ne wannan magana guda da makaɗa ke faɗi in ya shigo: ƙasa ba ta san bayansa ba. Saboda ita ake ba shi riga, saboda ita mutanen Kebbe ke tafiya da ƙafa su bi shi duk garin da za shi.

Ranar wata kasuwa aka sa zai kara da wani ɗan damben garinmu. Tun hantsi ya iso da jama'arsa da makaɗinsa, wani ɗan tsamurmurin tsoho mai jan ido. Suna zagaya kasuwa ana ba su goro, sai suka ji tim, tim daga shagon Direba. Ina cikin kashe wani ɗan Dogon Daji na ji haske ya ɗauke, ashe mutum ne ya tsaya a ƙofa. Wuyansa kaɗai ya kai cinyata biyu. Hannunsa na dama duk tsage ne da tabon zare, bai riga ya ɗaure shi ba don lokaci bai yi ba. Ya daɗe yana kallon gilashin, kansa a karkace.

"Wanga mai naɗaɗɗen hannu, ɗan wane gari na?" ya tambaya.

"Ɗan Japan na, Tunau," in ji Direba, yana washe baki don ya ga babban baƙo.

"Ya iya tsayuwa. Wa ak kashe shi nan garin?"

Yara suka nuna ni. Ya dube ni daga sama har ƙasa, abin bai ɗauke shi lokaci ba don ba ni da yawa. Mutanensa suka fashe da dariya. Wani ya ce in an yi atishawa kusa da ni sai an je Sakkwato nemana. Dariyar nan ce ta hau mini kai.

"Nan ba Kebbe ba ta," na ce. "Nan ba a shigowa da makaɗi a ce an yi ƙarfi. In kana ji da kanka ga faifai."

Tunau ya yi murmushi, irin na babba da ɗan akuya ya tunkuya. Ya tuɓe rigarsa ya miƙa wa makaɗi, ya ce a ba shi Mai Zare. Direba ya nuna masa sanda, ya nuna masa jan faifai da baƙi. Sannan ya ɗaga yatsa zuwa saman gilashi, wajen jan layin nan, ya buɗe baki zai yi bayanin jini. Ni na tare shi. Ina sane na tare shi, wannan ban taɓa ɓoye wa kaina ba.

"Haba Direba, gwani aka koya ma faɗa? Kada ka raina mai wayo gaban mutanensa."

"Bar shi," in ji Tunau. "Faɗa duk ɗaya na."

Akwatin ya yi tsawarsa aka soma. Na matso da Tsoho ina 'yan tsalle-tsallena, ina neman in ba jama'a dariya. Tunau bai motsa ba. Ya ja ƙafar dama baya, ya miƙa hagu a kan sanda kamar yadda yake tare abokin karawa a fage, ya jira har na shigo. Sannan ya sauke hannu a kan jan faifai. Ban taɓa jin ƙara irin wannan ba. Akwatin da ƙarti shida suka ɗauka ya ɗaga gaba ya dawo, ƙura ta zubo daga rufi, hoton ya ɗauke ya komo. Tsoho Mai Gora ya tashi sama, ya juya sau biyu, ya faɗo da baya warwas, gorarsa a gefe. Jininsa ya zube saura ɗan ƙiris kamar bakin farce.

Tunau ya saki sanda. Ya juya wa akwatin baya, ya ɗaga hannun dama sama, ya taka zuwa ƙofa. Makaɗi ya matse kalangu a hammata ya ɓarke da kiɗa, mutanen Kebbe suka ɗauki kirari, har wata mai ƙosai a waje ta rangaɗa guɗa. A wurinsu an gama. Mutum ya faɗi da baya a gaban shaidu, me ya rage?

A gilashi kuwa Tsoho ya miƙe yana tangaɗi. Mai Zare yana tsaye, hannu a sama, ba mai tuƙa shi. Zan iya cire hannuna a lokacin, kuma na san abin da ya kamata ke nan, don ni ma a bakin fagen dambe na girma. Na waiga na ga ƙeyar Tunau, na ga abokaina sun zuba mini ido. Sai na ja sanda ƙasa na doki baƙin faifai. Shara ta kwashe Mai Zare. Ya tashi, na sake kwashe shi. Na bi shi da naushi, da shuri, da gora a ka, ina duka da hannu biyu kamar mai sussuka, shi kuwa yana karɓa bai kare ko ɗaya ba. Jini ya yi ta ja da baya har ya ƙare. Akwatin ya yi wani dogon kuka, Mai Zare ya durƙusa, ya kife da fuska. Tsoho ya ɗaga gora ya kurɓa, ya shiga rawarsa ta nasara. Na haye benci na buɗe maƙogwaro yadda za a ji ni har rumfar masu gishiri.

"Na kashe Tunau! Ku shaida, ɗan makaranta ya kashe Tunau na Kebbe!"

Kalangu ya tsaya a tsakiyar kiɗa. Abin da ya biyo baya ban ga farkonsa ba, don wani ya shure bencin na sauka da haɓa a kan bakin akwati, haƙorina na gaba ya yi nasa wuri. Da na ɗago, shagon ya zama turmi. Wani ɗan Kebbe ya kama ɗan Dogon Dajin nan, wanda ba ruwansa, yana buga kansa da ƙofar langa-langa. Yayan abokina ya fizge kalangu ya rotsa shi a ƙeyar wani, makaɗin ya cafke kunnensa da haƙori ya ƙi saki. Aka karya ƙafar benci aka shiga rabon ta. Faɗan ya fita waje ya ci rumfar mai tumatir, ya kifar da kaskon mai ƙosai, mai ya watsu a ƙafar wani ya yi ta birgima. Ana jifa da ɗanyen dankali, da duwatsun murhu, da takalman mutanen da ke salla. Direba ya rungume akwatinsa ta gefe yana salati, wani ya sakar masa gora a gadon baya. Nakan ce har jakuna sun rabu gida biyu a ranar, kuma ba ni da tabbacin ƙarya nake yi.

Mutum ɗaya ne bai ɗaga hannu ba, shi ne Tunau. Ɗan dambe ba ya dukan wanda ba ɗan dambe ba. Ya ratso cikin rikicin, ana dukan bayansa bai ko waiga ba, ya tsaya a kaina. Ina zaune a ƙasa, jini ya cika mini baki. Ya durƙuso har ina jin warin goro a numfashinsa, ya yi magana a hankali.

"Yaro, tsakaninka da Allah. Mutuminka ya faɗi ko bai faɗi ba?"

Yara sun kewaye mu, ina jin idanunsu a jikina. Na tofar da jini na ce, "Ni mi nas sani? Tambayi akwati. Ga shi nan shina rawa."

Ya miƙe ya dubi gilashin. Tsoho yana nan yana kurɓar gora yana karkaɗa ƙugu, Mai Zare a kife a ƙarƙashin ƙafarsa. Tunau ya ja ƙafar dama baya. Direba ya gane, ya ce, "Tunau, don Allah," amma hannu ya riga ya tafi, tsirara, ba zare ba ƙyalle. Gilashin mai kauri ne, a bayansa kuma akwai wani kamar tulu. Duka biyun ya fasa, hannun ya shige har gwiwa. Aka ji wata fashewa kamar bindiga, tartsatsi ya tashi, injin wuta ya shaƙe ya mutu. Da ya zaro hannun, tsinin gilashin ya tsage shi tun daga wuyan hannu. Na ga farin abu a cikin naman kafin jini ya rufe shi. Jinin ba zuba yake ba, tsartuwa yake, ya kai bango, ya kai fuskar Direba. Faɗan ya mutu nan take. Waɗanda suke shaƙe da wuyan juna suka saki, aka yage rawani aka ɗaure damtsen, mutanen garuruwan biyu suka ɗauke shi tare zuwa mota. Bai yi ko nishi ba. Yana ta kallon yatsunsa yana ƙoƙarin dunƙule su, sun ƙi.

Da la'asar ɗan damben garinmu ya shiga fage ya zagaya shi kaɗai. Makaɗinsa kuwa bai bari abin ya huce ba, a take ya saƙa shi cikin waƙa, cewa wanda ƙasa ba ta san bayansa ba, ɗan makaranta ya kwantar da shi da tsakar rana. Kafin sati waƙar ta kai kasuwannin ƙauye. Mutanen da ba su taɓa ganin akwatin ba suka ɗauka a fage aka yi. Ni kuwa, maimakon in yi shiru, sai na zama mai raba labari. Mahaifina ya zane ni da tsumagiya har ta karye, amma da na fita sai in buɗe giɓina in nuna, in ce nan ne Tunau ya sa kai na sa kai. Yau in ce da hannu ɗaya na kashe shi, gobe in ce ina cin rake. Ana ba ni gyaɗa, ana ba ni rake, manya na kirana a majalisa in maimaita su yi ta riƙe ciki. An san ni da ƙari tun ina ƙarami, ba wanda ya damu da inda gaskiya ta tsaya. Daɗin dai a ce Tambuwal ta kashe Kebbe.

Bayan wata biyu mahaifina ya tashe ni da safe ya ce in sa riga. Muka hau motar kasuwa zuwa Kebbe. Muka tarar da Tunau a ƙofar gida a kan tabarma, ya rame, hannun na kan cinyarsa, yatsun sun lanƙwashe ciki kamar ƙafar kazar da aka yanka. Ba makaɗi, ba jama'a. Mahaifina ya gaishe shi ya jajanta, sannan ya ce, "Ga shi na kawo ma. Abin da kag ga dama ka yi mai."

"Malam, hannu na Allah na, shi yab ba ni, kuma ni nak kai shi ga gilashi da kaina," in ji Tunau. "Ban riƙe yaro da wannan ba." Ya juyo gare ni. "Tambayata dai ta rannan. Ya faɗi ko bai faɗi ba?"

"Ya faɗi," na ce. "Da baya. Kai kak kashe ni."

"To shi kaɗai nika so. Ba ni ƙara shiga fage, wannan ya wuce. Amma ɗiyana na fita ana yi musu waƙa. Ka koma kasuwarku inda kaf faɗi waccan, ka faɗi wagga."

Na yi alkawari, kuma na cika. Ranar kasuwa ta gaba na haye tarin buhuna a bakin tasha, na ce jama'a su saurara. Nan da nan aka taru, don an san in na hau sama akwai dariya. Na ce ƙarya na yi, Tunau ne ya fara kayar da mutumina, ya juya baya bisa dokar dambe, ni kuma na doki wanda ba ya kare kansa. Na ce ni na hana a gaya masa dokar akwatin. Suka kasa kunne suna jiran inda abin dariyar zai ɓullo. Da suka ga na tsaya, sai wani dillalin awaki ya ce, "Tsire nawa mutanen Kebbe sunka ba ka?" Wurin ya kece. Na rantse da Allah, aka ƙara dariya. Na fashe da kuka, wani ya ce wallahi yaron ga ya iya, har da hawaye. Na nemi Direba ya shaide ni, ashe ya koma tuƙi tun da akwatinsa ya mutu. Abokaina da suka gani da idonsu suka ce su ba su tuna ba. Na sake gwadawa a majalisar mahauta, na gwada a wajen makaɗin da ya yi waƙar, ya ce waƙa in ta fita ba ta komawa cikin kalangu. Shekaru na yi ina faɗa, duk wanda na gaya wa sai ya yi murmushi ya ce har yanzu ban daina ba.

Tunau ya koma sayar da tsire a bakin kasuwar Kebbe, ya koyi yanka da hagu, yana danne naman da mataccen hannun. Na daɗe ina kauce wa garin. Sai da na yi aure na haihu, wata hidima ta kai ni, na ga ba yadda zan wuce tukubarsa ban tsaya ba. Ya yi furfura, wuyan nan ya zube. Na yi sallama, ya ɗago, giɓina ya fara kallo kafin fuskata.

"Ɗan Tambuwal. Ka faɗa musu?"

"Na faɗa, Baba. Bisa buhu, ranar kasuwa, kamar yadda kac ce."

"Sun yarda?"

Na dubi hannun, na dubi garwashin. Na ce, "Sun yarda. Duk garin an sani yanzu."

Ya daɗe yana kallona, hayaƙi na ratsa tsakaninmu. Sannan ya juya tsinken da ke kan wuta, ya barbaɗa masa yaji, ya naɗe a takarda da hannu ɗaya.

"An ce duk ƙasarku babu wanda yak kai ka ƙarya," ya ce. "Ashe ko ita ba ka iya ba."

Ya miƙo mini tsiren da hagu. Na sa hannu biyu na karɓa.